Iya Batulu da Masu Kallon Jirgi

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara bi ta Lafia, Mika'ilu yana da gida mai ɗaki huɗu da zaure, kuma bai taɓa tunanin gida yana da wani amfani da ya wuce kwana ba. Sai da aka shimfiɗa dogo daf da dangarsa ya gane Allah ya ajiye shi a bakin kallo. Jirgin sau ɗaya yake wucewa a mako, ran Laraba. Mutane suka yi ta tururuwa daga Arikya da Agyaragu da ƙauyukan da ko sunansu bai iya faɗa ba, kowa yana son ya ga ƙarfen da ke tafiya ba a ja shi ba.

To, a gidan su Mika'ilu tun kaka da kakanni ba a mayar da baƙo, ba a kuma tambayarsa ranar tafiya. Mutanen gida ne ke matsawa, a ba baƙo ɗaki, in ya ga dama ya ajiye ɗan wani abu. Na farko ya ajiye kwandon riɗi. Na biyu, da ya ga ɗakuna suna ƙarewa, ya ɗaure akuya. Mika'ilu ya ba da zaure, ya ba da ɗakin ajiya, ya ba da ɗakinsa, ya ba da na matarsa Suwaibatu, bakinsa har kunne.

Ranar da Nababa, wani manomin doya daga Assakio, ya yi sallama, ɗaki ɗaya ya rage, na Iya Batulu, mahaifiyar Mika'ilu. Tsohuwar da kanta ta lulluɓe kai, ta naɗe tabarmarta ta fice ta baya, tana cewa ba a gidan mijinta za a fara korar baƙo ba. Ai kwana uku ne zuwa Laraba.

Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne, jirgin nan ba ya jiran kowa. Kafin mutum ya gyara hula ya wuce. Larabar farko atishawa ta kama Nababa. Ta biyu ya zaga bayan gida. Ta uku ya gani sarai, amma bayan jirgin ya gani, shi kuwa ya ce gaba ya zo kallo. Ta huɗu ya ga gaban, sai wani mai dogon baki ya ce masa wanda ya wuce yau ƙaramin ne, babban yana nan tafe. Nababa ya aika Assakio aka kawo masa matarsa Barira da tukwanenta.

Iyalin Mika'ilu suka tare a gindin ɗorawar bayan gida, suka kewaye da zana. Mika'ilu ya shiga gari neman ɗaki guda, na Iya kaɗai, sai ya tarar kowa ya yi irin wautarsa. Lawal maƙeri ya zuba mutum uku a rumbunsa, shi yana kwana a maƙera. Ɗakin da a da ake bayarwa don Allah yanzu sai an biya da sa guda, wanda ke fuskantar dogo kuwa sai sa mai tozo. Mika'ilu ya kora akuyoyin da ya tara gaba ɗaya ya bi gida-gida. Inda aka fi yi masa mutunci, an nuna masa wurin da ake jingine turmi, aka ce tsohuwar za ta iya zama amma ban da miƙe ƙafa.

Su kuwa baƙin, daga Alhamis zuwa Talata ba su da abin kallo, sai suka gano gindin ɗorawa. Su zo su yi layi suna leƙe ta zana, wai ga mutanen Lafia na asali, haka suke zaune tun fil azal. Wani har goro ya ba Suwaibatu ta sake daka dawar da ta riga ta daka, don matarsa ba ta gani ba. Suwaibatu ta karɓi goron, ta kuma zage shi da harshen kakarta, ya tafi yana murna ya ji yaren gari.

Da abin dariya ne, sai hadari ya fara haɗuwa ta kudu, Iya kuma ta fara wani tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Tsoro ya kama Mika'ilu sosai, don ya san tsohuwar ba za ta kai ƙarshen damina a ƙarƙashin zana ba. Sau uku yana shiga wurin Nababa da niyyar tambayarsa yaushe zai tafi, sau uku bakinsa yana ƙin furtawa, ya ƙare da tambayar ko sauro bai dame su ba. A na ukun ya tarar Nababa ya shuka kuɓewa a tsakar gida. Ya ba Mika'ilu ruwa a ƙwarya, ya ce ya saki jiki, nan kamar gidansa ne.

Ruwan farko ya sauka ran wata Litinin, ya jiƙa Iya sharaf. Washegari ta tashi da sassafe. Ta ɗaure 'yan tsummokaranta, ta ɗauki sanda, ta bi ta bayan gonaki har ta hau hanyar Agyaragu, ta shafa jar ƙasa a ƙafafunta, ta juyo. Mika'ilu yana biye da ita daga nesa, yana zaton tsufa ya taɓa ta. Sai ga ta a ƙofar gidansu tana sallama da muryar wadda ta sha hanya.

Nababa ya fito. Bai taɓa ganin fuskarta ba, amma wata uku a gidan sun koya masa al'adar gidan tsaf. Ya ce a nan ba a mayar da baƙo. Nan take ya sa Barira ta kwashe tukwanenta zuwa zaure, inda mutum shida suka matsa suka zama takwas, ya share ɗakin da hannunsa, ya shimfiɗa tabarma.

Daɗi ya kama Mika'ilu, ya ruga ya ɗauko tulun Iya, ya biyo ta har bakin ɗaki. Nababa ya tare shi da hannu, ya waiwaya wurin tsohuwar.

"Mama, kin san wannan mutum? Shi ne mai gida. In ke 'yar gida ce fa, ɗakin na baƙi ne."

Iya Batulu ta dubi ɗanta daga hula har ƙafa.

"Ban san shi ba," in ji ta. "Ni jirgi na zo gani."

Mika'ilu ɗan fari ne, tun da ya yi wayo Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, kuma bai taɓa jin zafin haka ba. Wannan kam ta yi masa zafi. Ya san daidai ta yi, ya kuma san daga yau in ya gaishe ta a gaban mutane sai dai gaisuwar baƙi. Ya ajiye tulun a bakin ƙofa ya ce sadaka ce ga matafiya.

Nababa ya ji tausayinsa, ya raka shi har waje, ya ce ya riƙa leƙowa bayan Laraba ko wani zai tashi. Ruwa ya soma yayyafi. Mika'ilu ya tsaya jikin danga sai da ya ji tarin Iya yana fitowa daga cikin ɗaki, ƙarƙashin rufi, sannan ya koma gindin ɗorawa, inda baƙi huɗu ke jira su ga yadda mutanen Lafia suke yi in ana ruwa.