Ƙodar Aro

Ƙoda ɗaya ce ta rage wa Mai Niƙa. Ɗayar tana jikin ƙaninsa Auta tun shekarar da ciwo ya cinye nasa duka biyu. Kullum ya ga Auta zai hau babur sai ya tsokane shi: "Kai, bi a hankali da kayana, aro na ba ka."

Sai ga ƙari ya tsiro a wadda ta rage, bai wuce kan babban yatsa ba.

A asibiti, likita ta juyo musu da hoton ƙodar, shi da Auta. Ta ce ba yanka za a yi ba. Za a soka allura ta baya, ana bin ta a hoto har tsakiyar ƙarin, a ƙone shi da zafi. Damuwarta ita ce bututun da ke kai fitsari mara, don yana dab da wurin. Za su ɗura ruwa a tsakani ya ture shi gefe, amma tazarar ba ta da yawa.

"Baba, ba za mu sa ka barci ba," in ji ta. "Ƙoda tana bin numfashi, in na ce riƙe, ka riƙe. Kana tari?"

Auta ya riga yayansa amsawa. "Ina! Rabon Yaya da mura har na manta."

Kuma har ga Allah ba ƙarya ya yi niyya ba. Mutumin da ya tsufa yana shaƙar ƙurar gari a bakin inji, tarinsa ya daɗe da fita daga sahun ciwo a gidansu. Da shi jikoki ke gane ya shigo layi. Kunnen kowa ya saba, har na mai shi.

Ranar aikin aka kwantar da shi rubda ciki a ɗaki mai sanyi. Ruwa ya shiga, bututu ya matsa, allura ta zauna daidai. Likita ta ce a kunna na'urar ƙonawa. Nan kwanciyar ta danne masa ƙirji, maƙogwaro ya soma ƙaiƙayi. Bawan Allah ya ciji matashin kai, hawaye na zuba, ya yi iya yinsa. Tarin ya ƙwace.

An kashe na'urar nan take, amma allurar ta riga ta goce. Ƙarin ya ƙone, bututun ma ya ƙone. Aka yi ta gyara, ƙwayar cuta ta shiga, ƙodar ta tsaya.

Auta ya tare likita a baranda yana kuka kamar yaro. "A ciro tasa da ke jikina a mayar masa."

"Kai kuma ka rayu da me?" ta tambaye shi.

Yanzu shi ke kai yayansa wankin ƙoda, ya zauna gefen gado. Duk tarin da Mai Niƙa ya yi, sai Auta ya zabura, yau kam yana jin kowanne. Rannan tsohon ya dube shi, ya kamo hannunsa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Aron nan, na bar maka."