Ƙaramar Cajar Malam Muhuyi

Mujitaba mutum ne da ko ruwan shayi ba ya iya bari ya tafasa, sai ya yi ta ɗaga murfi yana leƙe. To irin wannan bawan Allah aka bar wa aikin jiran jar fitilar caja ta koma koriya.

Tun da hantsi ya dawo daga gonarsa ta tumatir da ke gefen dam ɗin Tiga, ya jona injin feshi a wuta, ya tsuguna a gabansa. Injin ba nasa ba ne. Na surukinsa ne, Malam Muhuyi, mahaifin matarsa Badiyya. 'Ya'yan tsohon suka haɗu suka saya masa bara, lokacin da kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa har ya kasa buga famfon hannu. Wannan kuwa batirin litiyam ne a gindin tankinsa, maɓalli kawai za ka danna ya yi ta fesawa.

A makon nan sharon ta faɗo gonaki, tsutsar nan da ke shiga ganyen tumatir ta bar shi kamar an babbaka. Mujitaba ya je aro jiya, tsohon ya ba shi ba musu, ya ce dai yau da la'asar, in rana ta yi sanyi, zai fesa tasa gonar, don ita ma tsutsar ta fara taɓa ta. Sannan ya miƙo masa wata 'yar caja a naɗe cikin ƙyalle, ya ce, “Da wannan kaɗai yake ci.”

Mujitaba ya fesa gonarsa kaf, har sai da injin ya yi shiru a bayansa.

Matsalar ita ce a gidansu, tun a tsohon garinsu da ruwan dam ya cinye, ba a mayar da kayan aro wayam. Kwanon da aka aiko da abinci sai an sa wani abu a ciki. Fartanya in an ara, sai an wasa ta. Balle kayan suruki. Ya ɗauki inji a cike, ya mayar da shi a mace? Tunanin kawai ya sa zufa ta karyo masa.

Ya fita tsakar gida ya dawo, fitila ja. Ya zare cajar ya hura bakinta ya mayar, ja. Ya dubi inuwar katanga, ta fara tsukewa.

“Baban Ramla, ka zauna mana, kana sa ni jiri,” in ji Badiyya daga bakin murhu. “Cajar nan sai dare take cika shi. Ka kai masa haka, ya jona a can. Baba ne fa.”

“Ke babanki ne. Ni surukina ne.”

“To me zai ce maka?”

“Ba zai ce komai ba. Abin da nake gudu ke nan.”

Ya kwance batirin daga gindin tankin, ya sa a buhu, ya hau babur sai shagon Munir mai cajin batirin mota a bakin titi. Can wata ƙatuwar caja ke gurnani a ƙasa, da wayoyi masu kauri da bakin kama kamar na ƙaguwa. Ganinta kawai ya sa ran Mujitaba ya yi sanyi. Wannan ita ce caja, ba waccan mai kama da kwalin ashana ba.

Munir ya juya batirin a hannu, ya girgiza kai. “Yaya Mujitaba, wannan ba irin na mota ba ne. Wutar da tawa ke turawa ta fi ƙarfinsa nesa, kuma ba ta san ya ƙoshi ba. Ƙaramar tasa a hankali take ba shi, in ya cika ta tsaya da kanta.”

“Ɗan taɓawa kawai. Ya ɗan farfaɗo.”

“Wallahi ba da hannuna ba. Kwalba mai ƙaramin baki ce kake so a juye mata bokiti.”

Ana haka aka kira azahar. Munir ya ɗauki buta. “Taho mu je.”

“Yi gaba, ga ni nan.”

Mujitaba bai bi shi ba. Ya tsaya yana duban cajar, yana duban rana, ƙafarsa na karkaɗawa. Ya ce a ransa masu sana'a haka suke, komai sai sun tsoratar da mutum. Kafin liman ya sallame ai ya cire, ba wanda ya sani. Ya kama wayoyin ya maƙala wa batirin, ja a ja, baƙi a baƙi. Allurar cajar ta yi tsalle, shi ma zuciyarsa ta yi tsalle don murna.

Da ya taɓa batirin ya ji ɗumi, ya ce alamar yana ci ke nan. Da ya sake taɓawa sai ya janye hannu ba shiri. Ledar da aka naɗe batirin da ita ta fara tattarewa, wani wari mai ɗaci ya cika shagon, sai ga siririn hayaƙi yana fita ta gefe. Munir ya shigo a guje da buta a hannu, ya kashe wuta, ya sa shebur ya kwashe batirin ya jefar can kan yashi. Suka tsaya daga nesa suna kallo yana tsartuwa har ya yi baƙi.

“Akwai irinsa a nan?” Mujitaba ya tambaya.

“Sai Kano. In an samu.”

La'asar ta same shi a ƙofar gidan Malam Muhuyi. Tsohon na zaune a kan dakali, ya riga ya sa takalmin gona, ga kwalbar magani da jarkar ruwa a gefensa. Mujitaba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi. Sannan ya ajiye injin, ya buɗe buhun, ya faɗi abin da ya yi duka, kansa a ƙasa. Da tsohon zai zage shi, da ya ji daɗi.

Malam Muhuyi ya daɗe yana duban gawayin da ke cikin buhun. Ya karɓi 'yar cajarsa, ya naɗe ta a ƙyallenta kamar yadda ya bayar.

“Ba komai,” ya ce. “Allah ya tsare ba ka ƙone ba.”

Ya tashi ya shiga zaure, ya fito yana jan tsohon famfon hannu, duk yanar gizo. Ya yi ƙoƙarin saɓa shi, kafaɗar ta ƙi. Ya sake gwadawa, ya cije leɓe. Mujitaba ya yi wuf ya riƙe igiyar.

“Baba, don Allah ka bar mini. Yau da gobe da kullum, ni zan fesa.”

Tsohon ya sakar masa. Suka kama hanyar gona, shi a gaba, Mujitaba a baya da famfo yana bugun gadon bayansa. Sai da suka kusa, ganyen da sharon ta ci ya fara bayyana, Malam Muhuyi ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

“Da ka kawo mini shi ba caji, ɗana, ai jira kawai zan yi.”