Igiyar Da Na Yanke

Shekara talatin ina ɗinka riguna a garin Sur na bakin teku, ban taɓa ganin zare yana reto na ƙyale shi ba. Da aka kawo wani jirgin ruwa da aka ƙera irin na kakanni, wanda babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, igiyar kwakwa ce ta ɗinke katakansa, sai Darwish matuƙinsa ya ce in raka su garin Kurayyat. Ban iya iyo ba, amma na iya cika baki, don haka na hau.

Muna tsakiyar teku na hango bakin wata igiya yana reto a ƙasan jirgin. Kafin hankalina ya iso wurin, almakashina ya gama aiki. Sai ga ruwa yana tsattsafowa.

Na durƙusa na danne wurin da babban yatsa. Mu goma sha tara ne a ciki.

"Khalfan, wace salla ce wannan da ba ta ƙarewa?" in ji Darwish.

Na nuna masa guntun igiyar. Bai yi dariya ba. Ya dubi gaɓa can nesa, ya ce, "To, kada ka ɗaga yatsan nan, ɗan'uwa. Saura awa huɗu."