Ruwa a Cikin Boris

Karo na uku ke nan da aka dawo da motar. Ƙaramar motar gona ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda kamfanin da Dogo ke wa kanikanci ke sayar wa manoma. Dogo ya sa jak ya ɗaga ta, ya kama tayar baya da hannu biyu ya girgiza. Ta yi lakaf-lakaf kamar haƙorin tsoho.

Ya kwance notuna, ya zare tayar, ya fito da boris, zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Tsatsa ta cinye shi. Giris ɗin da ya cusa da hannunsa ya yi fari, ya tsinke. Cibiyar tayar ma, inda boris ke zama, ta buɗe. Sai an sake ta gaba ɗaya.

"Motar surukinka ta yi kewarka," in ji mai gyaran wayarin kamfanin daga ƙarƙashin wata tarakta. "Wai 'yarsa ka aura ko motarsa?"

Dogo ya ajiye boris ɗin a ƙasa.

Manaja ya fito daga ofis ya tsaya a kansa, ya taɓa boris ɗin da bakin takalmi.

"Ko kaya ne ba su da kyau, ko hannunka ne," ya ce. "Kaya kuwa sababbi muke ba ka. In ta sake dawowa, ka koma layin juyen mai."

Layin juyen mai na sababbin shiga ne. Dogo ya baro shi tun babu furfura ko ɗaya a kansa.

Ya sa sabuwar cibiya da sabon boris, ya ɗaure kowane noti yadda ya kamata, ya sake bi. Da la'asar bai bari direban kamfanin ya mayar da ita ba. Shi ya tuƙa ta har gonar.

Surukin yana bakin rumfar shanu. Dogo ya durƙusa, suka gaisa. Tsohon ya zagaya motar, ya shafa yatsa a jikinta, ya ga ƙurar hanya, ya yamutse fuska. Ya jawo injin feshin ruwa ya tayar. Ya wanke gaba, ya wanke baya. Sannan ya tsuguna, ya cusa bakin tiyo a bayan taya, daidai cibiya, ya riƙe shi a nan ruwa na ƙara.

"Nan datti ke ɓuya," ya ce da ƙarfi. "Kullum sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni mota ba ta kwana da ƙazanta a gidana. Ku dai ne ba ku iya ɗauri ba."

Tun da Dogo ya shiga gidan nan bai taɓa ce wa tsohon a'a ba. Ya tsaya yana kallon ruwa na shiga inda ya gama gyarawa ɗazu.

"Baba," ya ce, "ruwan nan ne."

"Me?"

"Ƙarfinsa yana tura robar da ke rufe boris. Ya shiga, ya kore giris, ya bar tsatsa. Shi ke cinye ta."

Tsohon ya kashe injin.

"Wato tsabta ce ke kashe mota."

"Wannan tsabtar dai, Baba. Guga da tsumma sun isa."

"Ina wanke injuna tun ba a haifi matarka ba."

"Haka ne, Baba."

Tsohon ya naɗe tiyonsa a hankali, ya rataye a ƙusa.

"Ka gaida gida," ya ce, ya shige rumfa.

Dogo ya taka da ƙafa har bakin titi.

Damina ta wuce, motar ba ta dawo ba. Manaja bai sake ta da maganar juyen mai ba. Mai wayarin ya rantse ya gan ta a kan jak a wani gareji na bayan kasuwa. Direba ya ce ƙarya ne, shi ya gan ta tana jan taki lafiya ƙalau, taɓo har wuya.

Matar Dogo takan je gaida mahaifinta. In ta dawo, yakan tambaye ta jikin Baba, da shanu, da yabanya. Motar ce kaɗai ba ya tambaya. Daga nan sai ya wanke hannu ya jawo kwano.