Gajiyar Malama

"Wuce abinki, ƙanwata, yanzu zan taso," in ji Malama.

Tana zaune a tsakiyar matakalar bene, jakar cefane a kan cinyarta, tana mayar da numfashi. Mai ɗinki, wadda ɗakinta ke jikin na Malama a sama, ta raɓa ta gefenta da ƙunshin yadudduka a ka.

"Kai Malama, ke da zama dai sai Allah! Wata tara fa ke nan da yin aikin nan."

Malama ta yi murmushi kawai.

Shekara talatin ta yi tana koyarwa a tsaye. Ciwon maƙoƙo ya daɗe a jikinta, amma ƙwaya ɗaya kowace safiya ta ishe ta. Sai bara aka yi mata aiki, aka yanke wani yanki na hanjinta. Ɗinkin ya warke sumul, ƙarfi ne ya ƙi dawowa. Likita ya ce hanjin da ya rage ba ya iya tsotse bitamin daga abinci, maganin maƙoƙon ma ba duka ke shiga jini ba. Sai dai allura duk wata, da gwajin jini. Asibitin kuwa sai an hau mota biyu.

"Ran Talata ko za ki raka ni?" Malama ta tambayi mai ɗinki wata safiya. "Jiri ke ɗibata a mota."

"Haba, wannan ai ba abin roƙo ba ne."

Talata ta zo da masu karɓar ɗinki har uku. Mai ɗinki ta ce a bari sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa keke ya lalace, tana jiran mai gyara. Daga nan Malama ba ta sake tambaya ba, ita kuma ba ta tuna mata ba.

A ido ma Malama ƙiba ta yi, fuska ta cika. Har mai ɗinki ta ce wa mijinta, suna karin kumallo, "Mutum yana ci yana ƙiba, a ce ba shi da lafiya? Son jiki ne kawai, da son a ce wayyo."

Wata Alhamis da hantsi 'yar Malama ta bugo wa mai ɗinki waya daga garin da take aure.

"Anti, don Allah leƙa min Mama. Tun jiya ba ta ɗauka."

Ƙofar a buɗe take. Ana zafin da fanka ma ba ta magani, amma Malama na ƙudundune cikin bargo biyu, da safa a ƙafa. Hannunta sanyi ƙalau. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Na katse miki aiki," ta ce.

A asibiti likita ya duba katinta, ya ɗago. "Yaushe rabonta da zuwa?"

Mai ɗinki ta san amsar har da ranar. Amma ta ce, "Ban sani ba, likita."

Kwana biyu Malama ta yi a gadon asibiti. Ranar Asabar bayan azahar zuciyarta ta tsaya.

Da masu gaisuwa suka ragu, 'yar ta roƙi mai ɗinki ta taya ta haɗa kaya. Sai a ranar mai ɗinki ta kalli ɗakin da kyau. Komai an jawo shi bakin gado: risho, buta, kofi, kwalaben magani, har bokiti. Matajin da ke kan matashi cike yake da gashi.

"Anti, Allah ya saka miki," in ji 'yar, tana share ido. "Duk na kira sai ta ce kada in damu, ga ki nan kusa."

Mai ɗinki ta zauna a bakin gadon. Ta cikin bango ta jiyo mijinta yana juya cokali a kofi, tar, kamar a gabanta yake zaune. Ta ji ya ajiye cokalin. Har kurɓar da ya yi ta ji. Ashe haka Malama ke jin duk abin da suke faɗa.

"Anti, lafiya?"

"Lafiya. Miƙo min wancan in ninke."

'Yar ta ciro labulen taga ta miƙa mata. Rana ta faɗo kan katifar, daidai inda ta lotsa.