Ranar da Na Buɗe Ƙofar Dam

A bakin lambun shaƙatawa na bayan dam akwai allon ƙarfe mai ɗauke da tarihin wurin. An rubuta wai da fili ne fetal, babu kowa. Ƙarya ce tsagwaronta. Unguwa ce guda, kuma gidan Yayata, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, yana daidai inda yara ke lilo yanzu.

Shekara ashirin da biyu ina kula da ƙofofin dam ɗin. A daminar da aka kwana tara ana ruwa, bangon ya tsage har hannu yana shiga. Injiniya ya duba da safe, ya ce in ba a buɗe babbar ƙofa kafin rana ta yi tsaka ba, bangon zai kife a kan garin gaba ɗaya. In an buɗe kuma, unguwar ƙasa, ta su Yaya, ce za ta tafi. Yana gama faɗa ya shige motarsa, ban sake ganin ƙeyarsa ba.

Na aika a ce kowa ya kwashe. Wasu suka kwashe, sauran suka hauro da sanduna da adduna, mijin Yaya a gaba, mahauci ne ƙaton gaske. Na kama sitiyarin buɗe ƙofar ke nan suka ɓalle ɗakin injin. Dutsen farko ya fasa mini goshi, jini ya rufe mini ido ɗaya. Wani ya shaƙe ni ta baya, na sa masa gwiwar hannu a baki har na ji haƙori ya karye. Na ce su je su ga tsagar da idonsu, babu mai saurare. Mijin Yaya ya ɗaga ƙarfe ya sauke a hannuna na dama, ƙashin ya fito waje.

Sai wani ya yi ihu daga waje cewa bango yana zubar da duwatsu. Jaruman nan suka watse, suna tattake juna a matakala. Mijin Yaya kaɗai ya tsaya yana haki.

"Tana cikin gida," ya ce. "Na yi, na yi, ta ƙi fitowa. Ta ce ƙaninta ba zai buɗe ba."

Na ce ya ruga ya ɗauko ta ko da tsiya. Ya ruga. Na jira, ina jin ƙasa tana rawa a ƙarƙashina, ina kallon tsagar tana ƙara buɗewa. Tsoro ya cika ni, ina kuka kamar yaro. Daga dam zuwa gidan tafiyar rabin awa ce, bangon kuwa ba shi da rabin awa.

Da hannun hagu na juya sitiyarin.

Garin ya tsira, har aka ba ni takardar yabo. Bayan kwana uku aka sami gawar Yaya da ta mijinta a tsakar gida, ya goya ta a baya.