Hular Mai Burodi

Hular kwanon tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ja, ko ƙwarzane babu a jikinta. Tare da takalmi ƙafa ɗaya aka kawo wa matar mai burodi ita, ranar da mota ta bi ta kan mijinta a mahaɗar titi. Ta baya motar ta zo masa, yana kan kekensa da akwatin burodi. Taya ta hau ƙirjinsa, kansa kuwa lafiya lau. Wata mata mai wucewa ce ta kwance masa hular don ya sami numfashi, ta ajiye a gefe. Da 'yan sanda suka iso, kai a buɗe suka gani, haka kuma suka rubuta.

Mai motar shi ne shugaban kwamitin unguwa. Da ya zo gaisuwa, ya zauna a kujerar marigayin, ya girgiza kai, ya ce, "Da ma a ce yana sa hula." Yana faɗa hular tana rataye a bayansa.

Ba a jima ba Shugaba ya shiga zagaya makarantu yana kiran a tilasta wa masu keke sa hula, kuma duk inda ya tsaya, da mai burodi yake misali. Wata rana 'yar mai burodin ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta sauke ba ta ce, "Mama, wai ganganci ne ya kashe Baba?"

Washegari matar ta tafi rumfar wan mijinta, mai gyaran keke. Ta gaya masa Shugaba zai raba huluna ran Asabar, zai hau keke har mahaɗa a gaban masu ɗaukar hoto, kuma ya gayyace ta zama a sahun gaba.

"Bar ni da shi," in ji mai gyaran, yana juya sifana a hannu. "Wannan guda a ƙeya, mu ga ko hula za ta cece shi."

"Sai a ɗaure ka, yarinyar nan ta rasa uba ta rasa baffa. A'a, Yaya. Gyara mini kekensa."

"Wancan? Ai ya lanƙwashe kamar ƙugiya."

"Miƙar da shi. Kuma ka aro motar gidan burodi. In ya hau, ka bi shi a baya, dab da dab. Amma ba za ka taɓa shi ba. Rantse."

"Ko 'yar goga?"

"Ko inuwarsa."

Ya rantse, amma ta ga yadda haƙoransa suka dantse, hankalinta bai kwanta ba.

Ran Asabar aka jera sababbin huluna a kan tebur. Shugaba yana tsakiyar jawabi ta shigo fili tana tura keke, 'yarta na biye da ita rungume da jar hula.

"Ranka ya daɗe," ta ce a hankali, ta ɗan rusuna, "tunda da sunan marigayi kake wannan aikin alheri, na kawo maka kekensa da hularsa. Su za ka hau da su."

Mutane suka tafa. Shugaba ya dubi hular, ya dubi masu hoto. "Ashe yana da hula?"

"Sai wanka da barci ke raba su."

Ba hanyar ƙi. Ita da kanta ta ɗaure masa igiyar a ƙarƙashin haɓa, ta ja ta har hular ta zauna daram. Aka maƙala masa abin magana a wuyan riga don jama'a su riƙa jin nasiharsa yana tafe.

Ya hau titi yana murmushi. Bai yi nisa ba wata farar mota ta fito daga lungu ta daidaita a bayansa. Ba ta wuce ba, ba ta rage gudu ba. Ya matsa gefe, ta matsa. Ya ƙara taka feda, injin ya ƙara gurnani, har zafinsa yana dukan dugadugansa. Nasihar ta tsaya. Numfashinsa kaɗai ke fita ta lasifika.

Matar tana gudu a gefen titi riƙe da hannun 'yarta. Da aka doshi mahaɗa, daidai inda aka tsinci takalmin, ta hango fuskar Yaya ta gilashin motar, haƙoransa a dantse. Injin ya yi wata ƙara. Shugaba ya waiwaya, keken ya karkace, ya zube a bakin kwata. Birki ya yi kuka. Motar ta tsaya, saura ƙiris.

Shugaba yana kwance rigingine, idanu a runtse, hannuwansa biyu sun rufe ƙirjinsa.

Ta durƙusa kusa da shi. "Sannu, ranka ya daɗe. Me ya firgita ka haka? Ai kana da hula."

"Mota!" Lasifika na kai muryarsa har ƙarshen fili. "Mota ce a bayana! Hula me za ta yi mini?"

Ba wanda ya tafa. Matar ta dubi 'yarta don ta tabbata ta ji, sannan ta kwance masa igiyar.

"Bari in cire maka," ta ce, "ka sami numfashi."

Dokar sa hula ta fara aiki bayan haka, ita ma ba ta ƙi ta ba. Da kanta ta saya wa 'yarta ƙaramar hula. Jar kuwa ta koma ƙusarta a bayan ƙofa. A ƙeyarta yanzu akwai ƙwarzane guda, sabo. Kullum da safe tana goge mata ƙura, amma tana kewaye wurin da tsumma, ba ta taɓa shi.